Fitilun Bayan Motar Wa'il

Usta Shahat yana ƙarasa aikin wata tasi aka janyo wata farar mota har ƙofar shagonsa. Bai ko ɗago ba. Ya laluba gwangwanin da ke kan teburi, ya zaro shuɗin dutsen ado guda, ya ɗaure shi da guntun jar waya a bayan fitila saboda bakin mutane, ya mayar da roba ya ƙulle. Ya danna maɓallin nan mai kunna sigina huɗu gaba ɗaya. Duk suka kifta. Ya buga bayan tasin da tafin hannu, ya ce direba ya kama hanya.

A layin masu gyaran wayar mota na garin Damanhur, a ƙasar Masar, babu mai saurinsa, kuma ba ya bari a manta. Jajibirin Babbar Sallah motoci sha tara ya sauya wa fitilu, irin masu gudu a jere ɗin nan da samari ke mutuwar so. Duk wanda ya taɓa shan shayi a shagon ya ji labarin nan har ya ƙoshi.

Wari ne ya juyo da shi. Wata uku farar motar ta yi a harabar 'yan sanda, kuliyoyi sun mayar da ita makewayi. Gefen direba ya lotse kamar gwangwanin da aka taka, kujerar kuma har yanzu da baƙin tabo. Usta ya ja wuyan rigarsa ya toshe hanci.

Dattijon da ya biyo ta ya ce sunansa Haj Bayyumi. Motar ɗansa ce, Wa'il. Ranar Sallah da hantsi yana karya kwana zuwa hagu, a mashigar ƙauyensu, babbar mota ta daka shi, ko shurawa bai yi ba. Direbanta, Ragab, yana tsare tun ranar. Ya rantse har muryarsa ta dushe cewa siginar dama ya gani, shi ya sa ya fito ta hagu zai wuce. Ba wanda ya yarda. Ranar Alhamis alƙali zai yanke hukunci.

"Matar Ragab ta zo gidana da 'ya'ya huɗu, ta zube a ƙasa," in ji Haj. "Nawa ya riga ya tafi, ya Usta. Ba na so a ɗaure mutum a kan abin da bai yi ba. Lauya ya ce kai za a kawo wa. Ka buɗe bayan nan, ka rubuta abin da ka gani."

Maganar ta yi wa Usta daɗi, wari ko ba wari. Ya sa sukundireba ya ɓamɓare robar bayan, ɗaya bayan ɗaya. Kashin ɓera ya zubo masa a hannu, kyankyasai suka watse. Ya karkaɗe, ya leƙa.

Sai ya ja tsaki mai tsawo.

An yanke wayoyin asali, an murɗe su da na sababbin fitilu, an naɗe da salatif ko ta yaya. Ko ɗigon dalma babu. Irin aikin da mutum yake yi ido na kan mota ta gaba.

Ya jona batir, ya ce Haj ya miƙa hannu ta taga ya sa siginar hagu. A gaba, ta hagu ta kifta. A baya kuwa ta dama ce ta shiga gudu, tsaf, gwanin sha'awa.

Haj ya zagayo ya tsaya yana kallonta. Leɓɓansa na motsi, amma ba a jin abin da yake cewa.

"Tir," in ji Usta, ya tofar da yawu gefe. "Wallahi, ya Haj, ba aikin mutum ba ne wannan. Jaki ne aka ba filaya. Minti ɗaya ya isa ya tsaya a baya ya gwada hagu, ya gwada dama. Ina yaron ya kai ta?"

"Bai faɗa ba. Ya dai dawo yana murna, ya kira mahaifiyarsa ta leƙo ta taga ta ga fitilun."

Usta ya sake duban wayoyin cikin ƙyama. Shekara talatin yana sana'ar nan, ga wasu ƙazamai suna zubar mata da mutunci. Maƙwabta suka taru, ya nuna musu wayoyin da bakin sukundireba, kamar mai nuna mushe. Ya ce da zai ga mai hannun nan, a fuska zai tofa masa.

Ya zauna ya rubuta takardar, ya buga hatimin shagonsa. A ƙasa ya ƙara layin da ba wanda ya roƙe shi: wanda ya haɗa wayoyin nan shi ya kashe yaron, kuma zan maimaita a gaban alƙali. Haj ya ninke ta, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe da hannu.

"Saura abu ɗaya, ya Usta. Lauya yana son fitilar kanta, da wayoyin yadda suke."

Usta ya durƙusa, ya kwance ƙusoshin, ya zaro fitilar a hankali don kowa ya gani. Wani ɗan abu ya biyo ta yana lilo. Haj ya tare shi a tafin hannu, ya goge ƙurar da babban yatsa, sannan ya juya ya kalli gwangwanin da ke kan teburi.

Shuɗin dutsen ado ne, ɗaure da guntun jar waya.