Kwano na Ƙarshe

A asibiti Lorena ta fara ganin Emmett, wata safiyar da ƙanƙara ta lulluɓe Toledo. Yana ta ɓarka ihu, fuska jajur don fushi, kai ba gashi, wata ma'aikaciyar jinya na fama da shi. Da idonsa ya faɗa kan Lorena sai ya yi tsit. Mahaifiyarta da ke tsaye a gefe ta ce, "Wannan zai ba ki wahala." Lorena ta ce ta ji ta gani. Shekarunta goma sha tara a lokacin. Ta bar makaranta saboda shi, dangi suka yi surutunsu har suka gaji, ita kuwa ba ta taɓa yin nadama ba.

Yau shi ya gayyace ta cin abincin rana. Tun a ɗakin otal ya kafa doka: za ta sa koriyar rigarta, shi zai sa kwat, kuma yau sunanta Madam. Kwat ɗin ya yi masa yawa a kafaɗa. Ta naɗe masa hannun.

Ta turo kekensa na marasa lafiya ta harabar otal ɗin, tana ratsa iyalan da suka dawo daga wurin shaƙatawar yara da jajayen fuskoki da balan-balan. Asibiti ne ya shirya musu wannan tafiya zuwa Orlando, irin wadda ake shirya wa wanda aka dakatar da maganinsa. Likita ta ce da wuya ya ga sabuwar shekara. Emmett haihuwar Fabrairu ne. Lorena ba ta gaya masa abin da likita ta ce ba, ba ta kuma yarda kowa ya yi zancen a gabanta ba. Gani take muddin ba ta faɗa da bakinta ba, abin bai tabbata ba.

Aka ba su teburi kusa da taga, inda raƙuman dawa ke kiwo a bayan gilashi. Mai hidimar, wata dattijuwa 'yar Haiti mai suna Odette, ta dubi keken, ta dubi kwat ɗin, sannan ta ɗan rusuna.

"Yallaɓai, me za a kawo wa Madam?"

"Gurasar nan ta Indiya," in ji Emmett. "Da duk kwanukan. Kada a rage ko ɗaya."

Gurasar ta iso da zafinta daga tanderu, man shanu na narkewa a kanta. Odette ta jera ƙananan kwanukan dangwale daga hagu zuwa dama. "Nan sanyi, can wuta," ta ce. "Na ƙarshen nan, mijina da ke cika baki sai da ya share hawaye da rigarsa."

Emmett ya yago gurasa ya dangwala a na farko, kindirmo da kokwamba. Ya haɗiye da ƙyar. Magani ya bar masa gyambo a baki. Ya gwada na mangwaro, ya runtse ido, ya ajiye lomar a gefen faranti.

"Duk ɗanɗanon cokali suke min," ya ce. "Ki ci gaba, Madam. Ki riƙa gaya min."

Ta ci gaba. Na tsamiya, ta ce masa, kamar alewar da ta yi fushi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta jira ya lafa. Na tafarnuwa, ta ce, wanda ya ci shi sai ya kwana shi kaɗai. Tana matsawa dama, goshinta na tsattsafo da gumi, har ya rage jan nan na ƙarshe. Ta tsaya. Ita ko barkonon kan teburi ba ta taɓawa.

"Matsoraciya," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, wa ke kuka idan an zo yi masa allura?"

Ta miƙa gurasarta. Sai ya ɗora tafinsa a kan kwanon ya rufe. Hannun duk tabon allura.

"Ba yau ba. Ranar haihuwata."

"To, shi ke nan. Sai mu dawo tare, bakinka ya warke, mu…"

"Na ji abin da likita ta gaya miki. Ba barci nake yi ba."

Hayaniyar cokula da faranta ta ci gaba a kewaye da su. Lorena ta juya ga taga. Wani raƙumin dawa ya sunkuyo yana tsinkar ganye, ta zuba masa ido har ya koma dishi-dishi.

"Lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, an ce kin ja labule kin ƙi cin abinci," ya ce. "Idan na tafi haka za ki yi. Ni ba na so. Ki zo nan, ki sa rigar nan, ki ci na ƙarshen. Ke kaɗai ma ya isa."

Ta gyaɗa kai, fuskarta na kallon gilashi.

"Ban ji ba. Ke kika ce min gyaɗa kai ba amsa ba ce."

Odette ta taho da tulun ruwa, ta hango su, ta juya a hankali ta koma.

Lorena ta tashi daga kujerarta ta durƙusa a gaban keken. Ta goge masa kindirmon da ya maƙale a haɓarsa.

"Na yi alkawari, ɗana," ta ce. "Ranar da za ka cika shekara bakwai zan zo nan, in zauna, in cinye shi tas."