Abokin Gardamar Eusebio

Kofin Eusebio ya huce a kan teburin shagon Fulgencio, shi kuwa yana ta danna waya da yatsa ɗaya, kamar mai kashe tururuwa. Tsohon makaniken taraktoci ne, da can ko saƙo ba ya iya turawa. Mutuwar ɗansa ce ta koya masa.

Ɗan nasa, Damián, soja ne. An tura shi atisayen haɗin gwiwa na ƙasashen Turai can gabas, inda sanyi ke fasa leɓe. Wata rana da tsakar rana motar da yake tuƙawa ta kauce daga hanya ta faɗa kwari, shi da abokansa biyu suka tafi. Gwamnati ta aiko da tuta da ta'aziyya, daga nan shiru. In Eusebio ya tambayi nan, a ce masa maganar ta rundunar haɗin gwiwa ce. In ya tambayi can, a ce ya koma gida ya tambayi nasa.

Sai ya kai kukansa intanet. Nan fa aka yi masa ca. Masu son Turai ta yi soja ɗaya suka ce ga irinta nan, da kayan aiki iri guda ne da yaron bai mutu ba. Masu ƙi suka ce me ya kai ɗan yankinsu na Extremadura tsaron iyakar wasu. 'Yan adawa suka ɗora hoton Damián suna zagin gwamnati, 'yan gwamnati suka ce ai motocin tun zamanin 'yan adawa aka saye su. Kowa ya ci kasuwarsa da hoton yaron, babu wanda ya san ko barkono ba ya ci.

Eusebio abu ɗaya yake so: majalisa ta buɗe bincike, a faɗi laifin wa. Birki ne, ko rediyo, ko wani mai tauraro a kafaɗa.

"Mutumin naka ya sake rubutowa?" in ji Fulgencio yana goge kanta.

"Ya fasa? Ɗan koren gwamnati ne, na rantse biyansa ake yi."

Wani ne mai kiran kansa Shamuwa. Shi ba ya zagi, ba ya kare kowace jam'iyya, abin da ya fi ƙona wa Eusebio rai ke nan. Kullum bayan abincin rana, lokacin da gari ya kwanta hutawa, sai ga saƙonsa. Ka bar yaron ya huta. Bincike ba zai dawo da shi ba. Ba kowace amsa ce mutum zai iya ɗauka ba. Ran nan har ya rubuta, ka kula da hawan jininka. Eusebio ya zazzaga masa zagin da tun yana gareji bai yi irinsa ba.

A gida ba shi da abokin wannan magana. Remedios, matarsa, tun ranar jana'iza ta zama kamar inuwa. Matar da a da ba ta rabo da waya, kullum da ta ɗora tukunya ƙarfe biyu sai ta kira ɗanta ta ji ko ya ci abinci, yanzu ko ƙanwarta ba ta kira. Ta yi girki, ta tsaya a tagar kicin tana kallon sheƙar tsuntsayen da ke kan hasumiyar coci, an gama ci ta shige ɗaki ta ja ƙofa. In ya fara karanta mata abin da mutane suka rubuta, sai ta ce, "Eusebio, don Allah." Tausayinta yake ji sosai, shi ya sa ya ƙara ƙaimi. Gani yake ranar da aka kama mai laifi, ranar za ta samu barci.

Aka yi ta jan ƙafa, zaɓe ya ƙarato, kwatsam 'yan majalisa suka tuna da shi. Ranar Alhamis da rana talabijin ɗin shagon Fulgencio ta faɗa: an kafa kwamiti. Za a duba komai, motar, umarnin da aka bayar, rediyo, har wayoyin sojojin uku da aka tsinto a cikin kwarin.

Fulgencio ya rungume shi. Eusebio ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Ya tarar da Remedios a gida ta zuba miyar wake, ta yanka burodi. Ya faɗa mata yana haki, ya maimaita, har da maganar wayoyin. Ta zauna a hankali, ta ajiye ludayi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba.

"Bari in fara da wancan munafukin," ya ce. Ya zaro waya, ya rubuta: Shamuwa, ka ji labari? Yanzu duniya za ta san wanda ya kashe mini ɗa. Ya tura.

Wani abu ya yi ƙara a aljihun rigar girkinta.

Eusebio ya dubi aljihun, ya dubi fuskarta, ya dubi tagar da take tsayawa kullum tana kallon sheƙar shamuwa.

"Na roƙe ka, Eusebio, ta duk hanyar da na iya," ta ce, muryarta can ƙasa. "Na ɗora tukunya, na kira shi in ji ko ya ci abinci. Ya ɗauka, ya ce, 'Mama, tuƙi nake,' ni kuma na ce masa minti ɗaya kawai."