Fuskar da Ba Ta da Baki

Sai da Renata Kowalchuk ta sake bin bangon zauren makarantar tun daga farko kafin ta yarda cewa hoton da 'yarta Tess ta zana ba nata ba ne.

Malam Halvorsen, mai koya wa 'yan aji biyu zane, ya shafe makonni yana nuna musu aikin Picasso, mutumin nan da ya yi suna da arziki ta hanyar ajiye hanci inda Allah bai ajiye shi ba. A ƙarshe ya ba su aiki: kowa ya zana wanda ya fi ƙauna, a takarda ɗaya, ta duk ɓangaren da ya saba ganinsa. Ya hana a rubuta sunan mai fuskar. Iyaye su zo su gane kansu, in ji shi, a zatonsa abin nishaɗi ne.

Suna kuwa ta ganewa. Wani uba ya tsinci gemunsa a kan goshi, yana dariya har da riƙe ciki. Wata kaka ta ga kanta da hanci biyu, ta share hawaye, ta ce ba a taɓa yi mata hoto mai kyansa ba.

A takardar Tess akwai kunne ɗaya, ƙato, an zana shi ta gefe. Akwai baƙin gashi a ɗaure a ƙeya. Idanu biyu na kallon mutum daga cikin wani dogon gilashi mai kusurwa huɗu, ƙasa da su kuma wani koren abu na reto a jikin zare. Baki babu.

Renata ba ta taɓa sa tabarau ba. Luz ce ke sawa.

Luz maƙwabciyarsu ce, 'yar asalin Filifin, mai riƙe Tess daga tashi makaranta har Renata ta gama nuna wa mutane gidajen sayarwa. Baƙin gashi gare ta, tana ɗaure shi a baya. Koren abin nan sarƙa ce, ba shakka. Renata ba ta tuna ta taɓa ganin Luz da irinta ba, amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya rasa shaida. Rashin bakin ma ya dace, don Luz ba ta da surutu, abin da Renata ta daɗe tana ɗauka dabara ce.

Ta tsaya gaban hoton, rigar sanyinta a kafaɗa. Wa ke kankare ƙanƙara daga gilashin mota da safe, yatsu na neman karyewa? Wa ke ratsa birnin Winnipeg daga wannan gefe zuwa wancan, yau makaranta, gobe koyon iyo, jibi likitan haƙori, waya a kunne, masu sayen gida na yi mata ihu? Luz ko mota ba ta da ita. Soya ayaba ta iya, da kitso, da zama a ƙasa ana wasan 'yar tsana. Ashe da haka ake saye yaro.

"Misis Kowalchuk, kin ga na Tess?" Malam Halvorsen ne, fenti har a gwiwar hannunsa. "Yarinyar nan tana da ido. Duk ajin ita ta fi fahimtar aikin."

"Na ga ido," in ji Renata. "Baki ne ban gani ba."

"Na tambaye ta. Ta ce ba ta cika ganinsa ba."

Ya wuce wurin wasu iyayen, ya bar ta da murmushin da take yi wa wanda ya taya gida da arha.

Luz na can bakin teburin shayi, tana goge tabaraunta da gefen mayafi. Ita ma an gayyace ta. Wa ya gayyace ta? Renata ta ƙarasa, ta yi maganar a hankali, da ladabi, kamar wadda ta daɗe da shirya ta. Daga Litinin Tess za ta riƙa zama a ajin jiran iyaye na makaranta. An gode da ɗawainiya.

Luz ta mayar da tabaraun fuskarta. "Na yi wani laifi ne, maman Tess?"

"Ko kaɗan. Kin ma yi fiye da abin da aka sa ki."

Luz ta dubi yarinyar da ke guje-guje da ƙawayenta a can nesa. Ta ɗauki jakarta ta nufi tashar bas, ko sallama ba ta iya yi mata ba.

A mota Tess ta hau kujerarta ta baya, ta ɗaura bel da kanta, takardar a nannaɗe bisa cinyarta. Ƙafafunta na dukan bayan kujerar uwar, kamar kullum.

"Mama, kin gane wace ce?"

"Na gane."

"Da gaske? Malam ya ce zai yi wuya."

"Ai ba wuya, 'yar gidana. Tabaraun ma ya fito sosai."

Ƙafafun suka tsaya. "Wane tabarau?"

Renata ta ɗaga kai don ta dube ta ta madubin gaba. Sai nata idanun biyu suka kalle ta daga cikin dogon gilashi mai kusurwa huɗu, koren kwalin turaren mota na reto a ƙasansu, baki babu.