Tsohon Mai Gadin Gidan Masaƙa

Na ji bayaninki, Lantana. Kin ce a babban shafin nan naku, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu suna haɗa hannu, za ku daina yi wa kowa rajista da kalmar sirri. Mutum zai zo da shaidarsa daga duk inda ya amince, ku tambayi can, in an ce shi ne ku buɗe masa, kuma shaidar nan guda ta ishe shi shiga ko'ina. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Amma kafin ki sa hannu a rushe tsohuwar ƙofa, bari in ba ki misali.

A wani gari an yi wani katafaren gidan masaƙa. Daga ƙauyuka ake zuwa, kowa ya kafa saƙarsa, da yamma ya bar zarensa da ƙoshiyarsa ta saƙa a nan ya tafi, babu mai taɓa masa. A zauren gidan akwai wani mai gadi da ba ya neman komai a wurin mai shiga sai musafaha. Zai riƙe hannunka ya ƙi saki, ya tambayi gida, ya tambayi jakinka da ya yi ɗingishi bara, ya tsokane ka da sunan da ya laƙaba maka, sannan ka wuce. Kai, zamani ke nan mai daɗi! Sai dai gaskiya mutumin akwai ɓata lokaci, kuma gidan ya yi ta cika har ya zama hantsi na yi ana tsaye a layi ana gaisuwa. Da idon mai gadin ya fara rauni saboda tsufa sai manyan gidan suka kawo sabon tsari. Kowane ƙauye ya ba masaƙansa tambarin fata, ya kuma zaunar da wakilinsa a bakin kasuwa. Ka nuna tambari, a leƙa a tambayi wakilin garinku, ya gyaɗa kai, shi ke nan. Da tambarin nan ɗaya za ka shiga gidan masaƙa, ka shiga marina, ka shiga rumbun auduga. Kowa ya huta, aka yi wa tsoho godiya da sabuwar riga, ya koma gida.

To, akwai wani masaƙi daga wani ɗan ƙauye can bayan dutse. Ya kafa saƙar gwado da zaren da mahaifiyarsa ta kaɗa da hannunta, ya kai rabi, sai aka aiko masa ba ta da lafiya. Ya tafi jinya, ashe ciwon ajali ne. Ga rasuwa, ga damina, bai dawo ba sai bayan kaka. A tsakanin nan, da yake daminar ba ta yi ruwa ba, rijiyoyin ƙauyensu suka ƙafe, mutane suka watse, wakilinsu ma ya naɗe tabarmarsa ya bi iyalinsa. Masaƙi ya iso ƙofa ya miƙa tambari, sababbin masu gadi suka leƙa kasuwa, babu wanda zai gyaɗa kai. Ba mugunta suka yi masa ba, ba su san shi ba ne, kuma an hana su yarda da fatar da babu mai tsaya mata. Ga shi a al'adar gidan, saƙar da aka bari har kasuwar farko ta bayan kaka yanke ta ake yi a ba wani wurin. Daga inda yake tsaye yana hango gwadonsa ya yi ƙura, zaren ƙarshe da uwarsa ta kaɗa a duniya, kuma gobe kasuwa. Ya bi wakilan sauran ƙauyuka yana roƙo, kowa ya ce shi nasa kawai ya sani.

Wata mai sayar da fura ce ta ce masa ya nemi tsohon mai gadi. Ya same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, ido ya tafi gaba ɗaya. Masaƙi bai faɗi sunansa ba, ya yi sallama ya miƙa hannu. Tsoho ya riƙe hannun, ya shafa kantar da ƙoshiya ta yi masa, ya ƙi saki kamar yadda ya saba. Sai ya yi dariya ya ce, "Na-bayan-dutse! Kai ne sai yau? Ina tsohuwa, tana nan tana kaɗin nata?" Masaƙi ya fashe da kuka. Tsoho ya ji, ya gane. Ya laluba sandarsa ya ce a kama masa hannu, suka taka har zauren da ya bari, ya tsaya gaban manyan gidan ya ce wannan nasu ne, shi ya tsaya masa. Ranar kasuwa, maimakon wuƙa, ƙoshiya ce ta bi ta kan zaren.

Ni kam har yau ina kewar zamanin da ake sanin mutum da hannunsa, amma na san ba zai dawo ba, gidanku ya fi ƙarfin mai gadi ɗaya. Ku karɓi tambarin, Lantana. Sai dai wata rana wanda ya tsaya wa wani zai rufe shagonsa, mutum ya zo ƙofarku aikin shekarunsa na ciki. Ki tabbata ranar akwai ƙaramar ƙofa da kuka bari, da wanda zai riƙe hannunsa ya gane shi. Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.