Takalmin Rumfar Na'Allah

Labo ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Gaya da akwati biyu da agogon hannu, takalminsa na hagu a tsage ta gefe. Shekara biyar a Kwatano, duk takalmin da ya saya sai ya sa masa reza, don yatsu shida gare shi a wannan ƙafar.

Ko ruwa bai sha ba ya nufi rumfar Na'Allah baduku, inda tun kakanni ake ɗinka wa gari takalma. Sayen takalmin hujja ce kawai. Zuwera ce ta kawo shi, 'yar tsohon, wadda aka hana shi ba a faɗa masa dalili ba. Shi dai ya san dalilin, talauci ne. To, yau ga kuɗi, ƙasa ta samu 'yanci, har aikin duwan, wato kwastan, yake sa rai. Ita kuwa an ce duk wanda ya zo sai ta kore shi.

Tsohon na nan inda ya bar shi, ƙafafu cikin huffi duk zafin nan. Ko alwala a kan huffin yake shafa, mutane na yaba tsantseninsa.

"Baba, takalmi nake so. Na zuwa neman aure."

Na'Allah bai ɗauko karan awo ba. Ya shiga ciki, ya fito da baƙin sau-ciki. Labo ya zura ƙafa, ya taka, ya sake takawa. Tun da aka haife shi, yau ne takalmi bai matse shi ba.

"Riƙe kuɗinka," in ji tsohon. "Ka je garin Tanda, 'yan mata sun cika. Zuwera dai a'a."

"Har yanzu? Me kuma na rasa? Babana Halidu ya rasu ko akuya bai bar min ba, na sani. Na je na nemo da gumina! Da takalmi za ka sallame ni?" Ya sunkuya zai cire, sai ya tsaya. "Wai yaushe ma ka auna ni?"

"Ban taɓa auna ka ba. Nawa ne, na ranar Juma'a."

Tsohon ya leƙa hanya, ya saki tabarmar ƙofa. Ya zare huffin hagu, ya miƙe ƙafar a kan buzu.

Labo ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa. Shida ne.