Abin da Ke Cikin Aljihunsa

Saura wata guda bikinsu Auta ta bi saurayinta wannan tafiyar, da rakiyar gwaggonta. Sana'arsa ke nan, zaƙulo gidajen abinci na bakin hanya da ba kowa ya sani ba, ya ɗauka a waya ya watsa.

Na yau rumfa ce a bayan garejin manyan motoci, benci biyu, da wata tsohuwa da ta ƙara wa Auta nama tana cewa, "Ci, 'yata, hanya da nisa."

Tun safe yake shafa aljihu. Auta ta ɗauka zobe ne, har kunya ta kama ta. Gwaggo na tashi wanke hannu ya fiddo, ashe kwalin ashana ne. Ya waiga, ya karkaɗe mataccen kyankyaso cikin miyarsa, ya danna shi da yatsa.

Auta ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Yabo ba ya kawo 'yan kallo, masoyiyata," ya raɗa mata, da murmushin nan da ya daɗe yana hana ta barci. "Riƙe wayar. In na yi ihu, ki ɗauko fuskar tsohuwar nan."

Auta ta dubi tsohuwar tana fifita wuta. Ta dubi yatsansa, ƙafar ƙwaron na maƙale a farce. Ta kife wayar.

"Inna, zo ki ɗauke kwanon nan, ƙazanta ce a ciki."

"Subhanallahi! Daga ina, 'yata?"

"Ba taki ba ce, mu muka zo da ita." Ta miƙe, ko kallonsa ba ta yi ba. "Gwaggo, taho. Motar haya za mu bi."