Jirgin da Ba Ya Cikin Gado

A shekarar da Injiniya Dallatu ya yi ritaya aka fara ƙera ƙaramin jirgin sama a bayan gidansa na unguwar Jabi. Dangi suka yi ta yi masa dariya har ya rasu.

Ranar rabon gado, ƙaninsa Shafi'u ya zo da masu sayen tsohon ƙarfe daga kasuwar Dei-Dei.

"Hajiya, a yanka shi a sayar. Haukan Yaya ya ƙare."

Hindatu, matar marigayin, ta sha gabansu, ta buɗe hannayenta masu tabon walda.

"Allah Ya jiƙansa. Shi ya koya mini son jirgi, ya kuma ɗauke mini dariyarku. Amma sifanar ɗaure noti kawai yake miƙo mini. Jirgina ne, ba ya cikin gado. Zan ƙarasa shi."